Yadda Ake Sauƙaƙa Ibarar Aljabara Mai Ussu Salib

Alamar ɗebewa da ke jikin ussu ba ta mayar da lamba ƙasa da sifili. Aikinta ɗaya ne: ta juya abin da take kansa, na sama ya koma ƙasan layin rabawa, na ƙasa ya hau sama. Wanda ya riƙe wannan, kuma ya iya gane abin da ussun ke zaune a kansa, ya gama da rabin kurakuran da ɗalibai ke yi a wannan babi. Sauran rabin yana wajen tarawa da ɗebewa, kuma za mu daɗe a kansa a gaba.

Yaranmu na Makka da Jidda da Madina suna fara haɗuwa da darasin a mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, inda littafi ke tafiya daga dama zuwa hagu da haruffan Larabci sin da sad. A sanawi, wato babbar sakandare, sai a koma x da y daga hagu zuwa dama, sannan abin ya sake tare su a Ƙudurat da Tahsili, jarrabawoyin shiga jami'a a Saudiyya. A nan mun yi amfani da x da y, amma mun bar kalmomin da ake ji a aji: ibara ita ce jerin lambobi da haruffa irin 3x²y, asasi shi ne babbar lamba ko harafin da ke ƙasa, ussu shi ne ƙaramar lambar da ke bisa kafaɗarsa, mujab abin da ya haura sifili, salib abin da ya gaza shi, kasru kuma lamba mai sama da ƙasa.

Daga ina ma'anar ta fito

Ɗauki 2 ka riƙa rage ussunsa ɗaya-ɗaya. 2³ = 8, 2² = 4, 2¹ = 2. Duk lokacin da ussu ya ragu da ɗaya, amsar na rabuwa biyu. Ci gaba da haka kada ka tsaya: 2⁰ = 1, 2⁻¹ = 1/2, 2⁻² = 1/4, 2⁻³ = 1/8. Lambar tana ta ƙanƙancewa amma ba ta taɓa tsallaka sifili ba.

Haka abin yake da harafi. Rubuta x² ÷ x⁵ a warware: x biyu a sama, x biyar a ƙasa. Ka soke biyu da biyu, saura uku a ƙasa, wato 1/x³. Dokar rabawa kuma ta ce a ɗebe ussu daga ussu, 2 − 5 = −3, wato x⁻³. Hanya biyu, tambaya ɗaya, dole amsoshin su zama abu guda:

x⁻ⁿ = 1/xⁿ, haka kuma 1/x⁻ⁿ = xⁿ, muddin x ba sifili ba ne.

Sharaɗin nan na ƙarshe ba ado ba ne. 0⁻² na nufin 1/0, kuma ba a raba komai da sifili.

Tunanin ya girmi rubutun sosai. Al-Karaji, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 1000, ya jera x da x² da x³ tare da juyinsu 1/x da 1/x² da 1/x³, ya bayyana yadda ake ninka su, duka cikin kalmomi. Rubuta ussu da alamar ɗebewa yadda muke yi yau sai daga baya ya zauna a Turai, Newton ya yi amfani da shi a 1676.

Dokokin da za a yi aiki da su

Babu wata sabuwar doka ta musamman don ussu salib. Waɗanda aka sani ne dai, sai dai yanzu m da n na iya zama salib:

xᵐ × xⁿ = xᵐ⁺ⁿ
xᵐ ÷ xⁿ = xᵐ⁻ⁿ
(xᵐ)ⁿ = xᵐⁿ
(xy)ⁿ = xⁿyⁿ
(x/y)ⁿ = xⁿ/yⁿ
x⁰ = 1

Biyun farko ba sa aiki sai asasi ɗaya ne. x³ × y² ba ya haɗuwa, haka zai zauna. Akwai kuma wata da ke fitowa daga cikinsu mai rage wahala ƙwarai: (x/y)⁻ⁿ = (y/x)ⁿ. Kasru mai ussu salib, ka juya shi ka cire alamar. Don haka (2/3)⁻² = (3/2)² = 9/4, kuma (1/2)⁻³ = 2³ = 8.

Dubi jerin da kyau: babu layi ko ɗaya da ya yi maganar (x + y)ⁿ. Ba mantuwa aka yi ba.

Matakin farko: gano wanda ussu ke kansa

Kafin ka motsa komai, ka tsaya a kan kowane ussu ka tambayi kanka wa yake kai. Ussu hula ce, kan da take zaune shi kaɗai ta rufe. Idan ana so ta rufe fiye da ɗaya sai an sa baka.

3x⁻² = 3/x². Ussun na kan x ne kawai, 3 ba ta motsa ba.
(3x)⁻² = 1/(3x)² = 1/(9x²). Baka ya haɗa su, sun sauka tare.
−3⁻² = −1/9. Alamar da ke gaba tana wajen ussun.
(−3)⁻² = 1/(−3)² = 1/9. Yanzu tana ciki, kuma salib sau salib mujab ne.
(−2)⁻³ = 1/(−2)³ = −1/8.

Na ƙarshen ya fito salib, amma ba don ussun ba. Asasin ne salib, aka ninka shi sau uku. Alamar amsa daga asasi take zuwa: idan asasi salib ne a cikin baka, ussu cika irin 2 da 4 na ba da mujab, ussu mara irin 3 da 5 na ba da salib. Alamar ussu ba ta da ta cewa a wannan.

Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai shi ne −5x⁻¹ ya koma 1/(5x) ko 1/(−5x). Ɗalibi ya ga alamar ɗebewa a gaban 5 sai ya ɗauka ita ma umarnin sauka ce. A'a. −5 lamba ce salib mai ussu 1, tana nan a sama. Amsar −5/x ce.

Ga mai karatu da littafin Larabci akwai ƙarin abin lura. Ussu yana sama ta hagun harafi, alamar ɗebewa kuma tana damansa, wato tsakanin asasi da ussun. A rubutun hannu na sauri ƙaramin layin nan yakan manne da wutsiyar sin ya ɓace. Sifilin Larabci kuwa ɗigo ne, idan ya zama ussu sai ya yi kama da tabon biro, alhali shi ne ke mayar da harafin gaba ɗaya 1. Biyu da uku ma suna yawan rikiɗa a ƙaramin rubutu. Yayan da ya yi karatunsa a Kano ko Damagaram yake duba wa ƙaninsa aikin gida, gara ya sa yaron ya karanta tambayar da baki tukuna kafin a juya ta zuwa x da y.

Tsarin aiki idan ninkawa da rabawa ne kawai

Idan ibarar ba ta da tarawa ko ɗebewa tsakanin sassanta, bi wannan jeri. Ka fara da cikin baka, ka sauƙaƙa abin da zai sauƙaƙu. Sai ka raba ussun waje ga kowane abu da ke ciki, har da lambar gaba. Sai ka yi lissafin lambobi daban. Sai ka bi haruffa ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi ka tara ussunsa na sama ka ɗebe na ƙasa. A ƙarshe ne kawai za ka saukar da duk mai ussu salib.

Mun fi son a bar juyawa zuwa ƙarshe. Wanda ke mayar da kowane x⁻² kasru tun farko yakan tsinci kansa da kasru a kan kasru, layi uku ko huɗu, daga nan kuma ba a san wanda ke sama ba.

Misali na farko, ninkawa:

(4x⁻³y²)(3x⁵y⁻⁶)

Lambobi: 4 × 3 = 12. Harafin x: −3 + 5 = 2. Harafin y: 2 + (−6) = −4. Mun samu 12x²y⁻⁴. Saukar da y: 12x²/y⁴.

Misali na biyu, rabawa:

18a⁻²b⁴ ÷ 6a³b⁻¹, inda 6a³b⁻¹ duka ke ƙasan layi.

Lambobi: 18 ÷ 6 = 3. Harafin a: −2 − 3 = −5. Harafin b: 4 − (−1) = 5. Amsa: 3a⁻⁵b⁵ = 3b⁵/a⁵.

A wajen b ne ake faɗuwa. Ɗalibi ya ga 4 da 1 da alamar ɗebewa ɗaya, sai ya rubuta 3. Alamomin biyu ne: ɗaya ta dokar rabawa, ɗaya ta ussun kansa. Maganinsa shi ne a riƙa rubuta ussun ƙasa cikin baka kowane lokaci, 4 − (−1), ko da ana ganin za a iya yinsa da ka. Wanda hakan bai kwanta masa ba yana da wata hanya: ya ɗaga b⁻¹ daga ƙasa ya zama b¹ a sama, ya sauke a⁻² ya zama a² a ƙasa. Sai ya samu 18b⁴b a kan 6a³a², duk ussu mujab, sai tarawa kawai. Amsar ɗaya ce. A kasru guda mara baka wannan hanyar ma ta fi sauri.

Misali na uku, ussu a kan ussu:

(2x⁻²y³)⁻³

Kowa a ciki zai sami −3. Lamba: 2⁻³. Harafin x: −2 × −3 = 6. Harafin y: 3 × −3 = −9. Mun samu 2⁻³x⁶y⁻⁹, wato x⁶/(8y⁹).

Abu uku ke lalata wannan. Wani ya manta da 2 ya bar ta yadda take. Wani ya ninka 2 da −3 ya rubuta −6, alhali 2⁻³ ɗaya bisa takwas ne. Wani kuma ya tara ussu maimakon ninkawa, ya ce −2 + −3 = −5. Ana tarawa idan asasi biyu ne ke ninka juna, ana ninkawa idan asasi ɗaya ne ussu ya hau kan ussunsa.

Misali na huɗu, kasru cikin baka:

(6x⁻¹y⁴ / 2x²y⁻¹)⁻²

Kada ka yi gaggawar raba −2 ga abu shida. Share ciki tukuna: 6 ÷ 2 = 3, x ya zama −1 − 2 = −3, y ya zama 4 − (−1) = 5. Ciki ya koma 3y⁵/x³. Juya shi, ussun waje ya zama 2: (x³/3y⁵)² = x⁶/(9y¹⁰).

Misali na biyar ya haɗa duka:

(2a⁻²b)³(3ab⁻²)⁻² a sama, 4a⁻⁵b² a ƙasa.

Baka na farko: 2³ = 8, a⁻⁶, b³, wato 8a⁻⁶b³. Baka na biyu: 3⁻², a⁻², b⁴. Lambobi: 8 a sama, 9 da 4 a ƙasa, 8/36 = 2/9. Harafin a: −6 + (−2) − (−5) = −3. Harafin b: 3 + 4 − 2 = 5. Amsa: 2b⁵/(9a³).

A irin wannan doguwar ibara, ka ba kowane harafi layinsa a gefen takarda. Layin lambobi, layin a, layin b. Idan amsar ta kauce, nan take za ka ga layin da ya jawo.

Yadda ake gwada amsa

Ibarar farko da amsar ƙarshe abu ɗaya ne, don haka kowace lamba ka saka musu dole su ba da sakamako ɗaya. Mu gwada misali na biyar da a = 2, b = 1. Baka na farko: 2 × 1/4 = 1/2, da ussu 3 ya ba da 1/8. Baka na biyu: 6⁻² = 1/36. Sama ya zama 1/288. Ƙasa: 4/32 = 1/8. Rabawa: 8/288 = 1/36. Amsarmu kuma: 2/(9 × 8) = 1/36. Sun dace.

Amma wannan gwajin bai taɓa ussun b ba ko kaɗan, domin 1 kowane ussu ka ɗora masa 1 ne. Da mun rubuta b⁷ maimakon b⁵ gwajin ba zai kama mu ba. Sai a sake da a = 1, b = 2. Baka na farko 4³ = 64, na biyu (3/4)⁻² = 16/9, ƙasa 16. Sakamako 64/9. Amsarmu: 2 × 32/9 = 64/9. Yanzu an tabbatar da haruffan biyu. Gwaji biyu masu sauƙi, kowanne da harafi ɗaya a kan 2, sun fi gwaji ɗaya da 2 da 3 wanda lambobinsa za su kumbura. Sifili kuma ba a gwaji da shi.

Idan tarawa ko ɗebewa ta shigo

A nan ne ɗaliban da suka ƙware a misalan baya ke zamewa, domin hannu ya saba da ɗagawa da saukewa. Ƙa'idar ita ce: abin da ake ninkawa da sauran shi ke da izinin tsallaka layin rabawa. Abin da aka tara ko aka ɗebe ba ya tsallakawa shi kaɗai.

Duba (x + y)⁻¹. Wannan 1/(x + y) ne, ba x⁻¹ + y⁻¹ ba. Saka x = 2, y = 3: na farko 1/5, na biyu 1/2 + 1/3 = 5/6. Ko kusa. Haka kuma a (x⁻² + 3)/y, ba a ɗauke x⁻² a kai shi ƙasa a bar 3 a sama.

Dalili kuwa a fili yake. Saukar da x⁻² daga sama ba wani siddabaru ba ne, ninka sama da ƙasa ne da x². Idan sama duka ninkawa ce, x² na haɗuwa da x⁻² su zama 1, shi ke nan. Idan kuwa akwai tarawa, x² sai ya taɓa kowane haddi, wato kowane sashen da aka tara, har da 3. Don haka daidai shi ne (1 + 3x²)/(x²y).

Daga wannan dalilin ne hanya mafi tsafta ta fito. Nemo ussu salib mafi girma na kowane harafi idan an cire alamar, ka ninka sama da ƙasa da harafin a wannan ussu, mujab.

(1 + x⁻¹)/(1 − x⁻²)

Mafi girma x⁻² ne, sai mu ninka da x². Sama: x² + x. Ƙasa: x² − 1. Fitar da abin da suka yi tarayya: sama x(x + 1), ƙasa (x − 1)(x + 1). Soke (x + 1), saura x/(x − 1). Gwaji da x = 2: ibarar farko 1.5 ÷ 0.75 = 2, amsa 2/1 = 2. Sharaɗi: x ba 0 ba, ba 1 ba, kuma ba −1 ba. Na ukun ba ya bayyana a amsar ƙarshe saboda an soke shi, amma a ibarar asali yana mayar da ƙasa sifili, don haka yana nan daram.

Ga mai haruffa biyu:

(x⁻² − y⁻²)/(x⁻¹ − y⁻¹)

Ninka da x²y². Sama: y² − x². Ƙasa: xy² − x²y. Lura yadda haruffan suka yi musaya: x⁻² sau x²y² ya bar y², ba x² ba. Masu sauri kan rubuta x² − y² su ɓata alamar. Sama ya warware zuwa (y − x)(y + x), ƙasa xy(y − x). Amsa: (x + y)/(xy), da sharaɗin x da y ba su yi daidai ba.

Wata ibara da ta cancanci a san ta sosai ita ce (x⁻¹ + y⁻¹)⁻¹. Ido na ganin alamomin ɗebewa za su cinye juna a samu x + y. Ba haka ba ne. Ciki (x + y)/(xy) ne, a juye kuma xy/(x + y). Mai karatun fiziya zai gane ta: ita ce dokar haɗa muƙawama biyu, wato abubuwan da ke rage gudun wuta waɗanda ake aunawa da om, kafaɗa da kafaɗa a da'irar lantarki. Mai om 6 da mai om 3 suna ba da 18/9 = 2, ba 9 ba.

Haɗa haddi masu kama kuwa bai canza ba. 5x⁻² + 3x⁻² = 8x⁻², ussu ba ya motsi, lambobin gaba ake tarawa. x⁻² + x⁻³ ba sa haɗuwa su zama x⁻⁵. Abin da za a iya shi ne daidaita ƙasa, a samu (x + 1)/x³.

Asasi daban-daban, da salon tambayar Ƙudurat

Ba a shiga Ƙudurat da kalkuleta, don haka tambayoyin an gina su ne a kan dabara, ba a kan doguwar ninkawa ba. Idan ka ga 4 da 8 da 16 da 32, mayar da su 2. Idan 9 da 27 da 81 ne, mayar da su 3. Haddace 2 har zuwa 2¹⁰ = 1024, da 3 har 3⁵ = 243, da 5 har 5⁴ = 625 ya wadatar ga yawancinsu.

9⁻² × 27² ÷ 3⁻¹ ya zama 3⁻⁴ × 3⁶ × 3¹ = 3³ = 27.

Idan 2ˣ = 1/32, to 1/32 = 2⁻⁵, x = −5.

2⁻¹⁰ + 2⁻¹⁰ ba 2⁻²⁰ ba ne, ba kuma 4⁻¹⁰ ba. Abu ɗaya ne sau biyu: 2 × 2⁻¹⁰ = 2⁻⁹.

Ussu mai harafi ma haka: xᵐ ÷ xᵐ⁻³ ya ba da m − (m − 3) = 3, wato x³. Nan ma baka ne ke ceto.

Tambayoyin kwatanta ƙima ta farko da ta biyu suna son ussu salib. Tsakanin 2⁻³ da 3⁻², juya su: 1/8 da 1/9, na farko ya fi. Amma idan aka ce x ya fi sifili, a kwatanta x⁻² da x⁻³, kada ka tsaya a gwaji ɗaya. Da x = 2, 1/4 ya fi 1/8. Da x = 1/2, ana samun 4 da 8, na biyu ya fi. Da x = 1 sun yi daidai. Amsa ita ce bayanin bai isa ba. Ussu salib yana ƙanƙantar da lambar da ta haura 1, yana kuma girmama wadda ke tsakanin 0 da 1, shi ya sa (0.5)⁻² ya zama 4.

Ƙananan lambobi da goma

Halala ɗaya 10⁻² ce ta riyal, milimita kuma 10⁻³ ce ta mita. Da haka ake rubuta ƙananan lambobi a kimiyya: 0.00045 = 4.5 × 10⁻⁴, domin ɗigon ya yi taku huɗu zuwa dama kafin ya tsaya bayan 4. Wajen rabawa, (6 × 10⁻⁴) ÷ (3 × 10⁻⁷) = 2 × 10³, tunda −4 − (−7) = 3. Wajen ninkawa, (3 × 10⁻⁵)(4 × 10²) = 12 × 10⁻³, amma lambar gaba dole ta kasance daga 1 zuwa ƙasa da 10, sai a gyara: 12 = 1.2 × 10¹, amsa 1.2 × 10⁻². Da yawa kan rubuta 10⁻⁴ a nan. Ƙarin ɗaya a kan −3 yana kai ka −2.

Idan ussun kasru ne kuma salib, a bi shi daki-daki: juya, ɗauki jizri, sannan ninka. A 8 mai ussu −2/3, juyawa ta ba da 1/8, jizri na uku 1/2 (tunda 1/2 × 1/2 × 1/2 = 1/8), murabba'insa, wato ninka shi da kansa, 1/4.

Na'ura ma tana da nata tarkon

Kalkuletar Casio da ɗalibai ke riƙewa tana da maɓallin alamar salib daban da na ɗebewa, kuma idan ka buga −3² za ta ba ka −9, daidai da ƙa'idar littafi. Excel kuwa idan ka rubuta =-3^2 zai ba ka 9. Duk inda asasi salib ne, sa baka da kanka, kada ka bar wa na'ura ta yi maka zato. Haka idan ana tura tambaya ta WhatsApp: 2^-3x ba a san ko x na cikin ussu ko yana waje ba, kuma 1/2x na iya zama rabin x ko ɗaya bisa 2x. Rubuta 2^(-3x) da 1/(2x), ko ka ɗauki hoton takardar.

Sai maganar siffar amsa. Idan tambaya ta ce a sauƙaƙa, abin da aka saba nema shi ne kowane harafi ya fito sau ɗaya, babu ussu salib, babu ussu sifili, babu baka da ya rage, lambobi kuma an rage su iyaka. 6x²/(4y) bai gama ba sai ya zama 3x²/(2y). A tambayar zaɓi kuwa duba siffar zaɓuɓɓukan tukuna, wani lokaci 12x²y⁻⁴ suke so, ba sai ka saukar ba. A darasin tafaduli, lissafin saurin canji, ma an fi son x⁻² a kan 1/x², saboda dokar ta fi sauƙin aiki a haka.

Na gwaji

1. 7x⁻³y⁰
2. (5a⁻²)(−2a⁻¹b³)
3. 12m⁴n⁻³ a kan 20m⁻²n⁻⁵
4. (−2x²y⁻¹)⁻³
5. (x⁻¹ − 2⁻¹)/(x − 2)
6. 4⁻³ × 8³ ÷ 2⁵

Amsoshi: na ɗaya 7/x³, na biyu −10b³/a³, na uku 3m⁶n²/5, na huɗu −y³/(8x⁶), na shida 1/4. Na biyar −1/(2x) ne: ninka sama da ƙasa da 2x ya ba da 2 − x a kan 2x(x − 2), kuma 2 − x daidai yake da −(x − 2), shi ya sa bayan sokewa −1 ke saura a sama, ba 1 ba.